Bin Sawun Tarin da Ke Kwance a Kontagora

Litinin

Mai unguwa ya aiko yaro da hantsi, wai in same shi a zaure. Na tarar da shi tare da Yaya, 'yar wan mahaifina, wadda ta daɗe tana aikin tibi, wato tarin fuka, a ƙaramin asibitin da ke kusa da mu. Tana da gidajen da za ta shiga, galibinsu na baƙi, kuma akwai inda ba za a saurari mace ita kaɗai ba sai da namijin da unguwa ta sani. Tunda ba a koma makaranta ba tukuna, na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan bai kai a roƙa ba."

Maganar ta taso ne daga wani dattijo da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyensu a ƙasar Mariga. A watan jiya aka gwada kakinsa aka samu tarin fuka, ya fara shan maganin wata shida, wanda kyauta ne a duk faɗin ƙasar nan. Yanzu saura mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. A kan hanya Yaya ta yi mini karatun da take yi wa kowa. Wanda ya shaƙi ƙwayar cutar ba lallai ya kwanta ba. Mafi yawan lokaci jiki kan killace ta, sai ta zauna shiru shekara da shekaru, mai ita ba ya tari, ba ya rama, ba ya ɗora wa kowa. Ta ce, "Malam, garwashi ne a cikin toka. Ka taɓa saman ka ji sanyi, amma iska na kaɗawa sai ya tashi." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ya taɓa shaƙar ƙwayar, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na waɗannan ne za ta tasar wa, galibi a shekarun farko bayan shigarta. Aikinmu shi ne mu kai wa mutum magani tun yana jin kansa garau.

Talata

Gidan kango ne da mai shi bai ƙarasa ba, can bayan gari. Ɗaki ɗaya aka rufa wa kwano, kuma a cikinsa dattijon yake kwana da matarsa da mahaifiyarsa da yara, har da ƙaninsa saurayi idan sanyi ya hana shi kwana waje. Taga ɗaya ce, an toshe ta da kwali da buhun taki saboda hunturu. Na yi sallama, na ce, "Baba, ya jiki? Ya baƙunta?" Ya ce jiki da sauƙi, baƙunta kuwa sai godiyar Allah.

Abin da ya fara kama idona kwanonsa ne da moɗarsa, an ware su can gefe, an ɗaura wa moɗar tsumma don kada yaro ya ɗauka. Yaya ta yaba musu da kulawar, sannan ta gaya musu cewa cutar ba ta bin kwano ko cokali. Iska take bi. Mai ita ya yi tari, 'yan ƙananan ɗigon da ido ba ya gani su tsaya a ɗakin, na kusa ya shaƙa. Ta roƙi uwargidan a riƙa cire kwalin da rana, a bar ƙofa a buɗe, a shanya shimfiɗa. Ta kuma kwantar musu da hankali cewa wanda ya yi kamar mako biyu yana shan magani yadda ya kamata, haɗarin ɗora wa wani ya ragu ƙwarai. Na ga fuskar dattijon ta sake. Ashe tun da aka gaya masa sakamakon bai yarda ƙaramar 'yarsa ta hau cinyarsa ba.

Daga nan ta bi su ɗaya bayan ɗaya da tambayoyinta: tari, zazzaɓi, gumin dare, rama. Yara kuma ta ƙara da ko nauyinsu ya tsaya, ko sun daina wasa. Ta duba hannun kowane yaro ko akwai tabon allurar BCG, wadda ake yi wa jarirai tun 1921 kuma take kare su daga tibi mai tsanani irin na ƙwaƙwalwa, ko da yake ba ta hana babba kamuwa. Biyu daga cikinsu ba su da shi, don an haife su a lokacin da ma'aikacin lafiya ba ya iya shiga ƙauyensu. Wata yarinya 'yar kimanin shekara huɗu tana tari tun kaka. Yaro irin wannan ba ya iya kakaro kaki, haɗiyewa yake yi, don haka yanzu kashinsa ake karɓa a gwada a na'urar GeneXpert. Yaya ta bar wa uwar ƙaramin mazubi. Ta ce ba za a ba kowa maganin rigakafi ba sai an tabbatar cutar ba ta riga ta tashi a jikinsa ba, domin wanda ta tasar wa magani huɗu yake bukata a farko. In aka ba shi ɗaya ko biyu, ƙwayar za ta saba da su, ta zama mai bijire wa magani, kuma wannan masifa ce ta daban.

Ƙanin nan yana tsaye a bakin ƙofa duk tsawon lokacin, hannu a aljihu. Da aka zo kansa ya amsa a'a sau huɗu, sannan ya ce, "Hajiya, ni fa lafiyata ƙalau. Jiya buhun masara nake saukewa a kasuwa. Mai lafiya zai sha magani wata uku?" Ba da raini ya faɗa ba, tambaya ce ta mai hankali. Yaya ta ce masa ya yi tunani, za mu dawo.

Laraba

Yau wajen 'yan garuwa muka je, mutanen Tawa da Doso da ke zuwa ci-rani bayan an kwashe amfanin gona. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa karɓar magani a hannun Yaya bara, ya koma gida kafin ya gama, kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Suna kwana a wani shago da aka rufe, tabarma na gogar tabarma, kurarsu a jere a waje. Da suka ga littafi da biro a hannunmu sai kowa ya tuna yana da ruwan da zai kai. Tun da aka rufe iyaka a 2023, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, duk mai rubuta suna abin tsoro ne a wurinsu. Babbansu ya tsaya don kunya. Na ce, "Ɗan'uwa, ba takardar kowa muka zo dubawa ba." Yaya ta mayar da littafin cikin jaka, ta ce maganin tibi ba a tambayar mutum ƙasarsu kafin a ba shi. Ya ce ya ji, zai shawarci yaransa.

Wani mai shago da ke kallonmu ya ce, "Gara dai ku bincike su, su ne ke kawo mana cututtuka." Wannan magana ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutu. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a Najeriya mutum 219 cikin kowane 100,000 ke kamuwa da tibi a shekara, a Nijar kuwa adadin bai kai 100 ba. Mu ne na ɗaya a Afirka kuma na shida a duniya, da kusan mutum rabin miliyan a 2023. Saurayin da ya taso daga ƙauyen Tawa ya zo ya kwanta a shagon nan ya fi kusa da ya kwashi cutar a wurinmu ya kai wa matarsa da damina. Kuma wane ne ba baƙo ba a Kontagora? Umaru Nagwamatse da ya kafa garin daga ƙasar Sakkwato ya zo. Hanyar da ta taso ta Jega da Yawuri ta gangara Mokwa da Jebba ta cikinmu ta ratsa, kuma da ita muke ci. Abin da ke tayar da cutar a jikin baƙo shi ne abin da ya tarar a nan: ɗakin da ba taga, aikin ƙarfi, cin abinci sau ɗaya. Da a ce za a fara binciken baƙi da niyyar mai shagon nan, da ba mai sake fitowa.

Alhamis

Tsangaya da safe, tunda ba karatu. Na ce, "Allah gafarta Malam, mun zo da magana a kan lafiyar almajirai." Alaramma ya karɓe mu da kyau, ya sa gardawa suka tara yaran. Hunturu ya sa kusan kowa na tari, shi ya sa Yaya ta fi dagewa a kan wanda nasa ya kai mako biyu. An ware kaɗan za su ba da kaki gobe da asuba.

Da dare ɗan ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ya kira, na ba shi labarin abin da nake ciki. Ya ce shi ma an bi ta kansa har sau biyu. Kafin a ba shi biza sai da ya yi hoton ƙirji a Abuja, kamar duk ɗan Najeriya da zai zauna can fiye da wata shida. Bayan ya isa aka ɗebi jininsa don neman wadda ke kwance. Ingila ta fara wannan shiri a 2015, ga masu shekara 16 zuwa 35 da suka shigo cikin shekara biyar daga ƙasashen da cutar ta yi yawa. Dalilinsu a fili yake: yawancin masu tibi a can an haife su ne a waje, kuma sau da yawa da ita suka shigo a kwance, ta tashi bayan shekaru. Haka abin yake a Amurka, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu cutar tsohuwar ƙwaya ce ta farka musu.

Ya ce, "Kawu, ku wane gwaji kuke yi?" Na ce mu tambaya muke yi. Gwajin jinin yana da tsada, yana bukatar ɗakin gwaji mai wuta. Akwai na fata, wanda ake tsira ruwan magani a hannu a dawo a duba kumburin bayan awa 48 zuwa 72, amma wannan yana nufin zuwa biyu, ga shi allurar BCG kan ruɗa sakamakonsa. Kuma a ƙasar da ƙwayar ta bazu haka, in ka ce za ka gwada kowa, miliyoyi za ka samu. Shi ya sa aka fi bin waɗanda haɗarinsu ya fi girma: masu kwana gida ɗaya da mai cutar, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, waɗanda haɗarinsu ya ninka na sauran mutane fiye da sau goma. Waɗannan rukuni biyu ba a jiran gwaji a kansu. Tun 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe ƙofar ga manyan gida ma. Abin da na ɗauka daga hirarmu shi ne Turawa sun lura cewa lokacin sauya mazauni lokaci ne mai haɗari, sun yi masa tanadi. Mu namu masu sauya mazaunin ba sa bi ta filin jirgi, a bayan babbar mota suke shigowa da tsakar dare.

Juma'a

Liman ya ba Yaya dama ta rubuta abin da za a faɗa, ni kuma na karanta bayan an sallame: tarin da ya kai mako biyu a je a gwada, gwaji da magani kyauta ne, ba sammu ba ne, ba gado ba ne, kuma akwai lambar 3340 da ake kira ba a cajin kuɗi. Wani ya tare ni a bakin masallaci yana tambaya ko maganin tarin da ake saya a kemis ya isa. Na ce ya zo da kakinsa.

Sakamakon yarinyar bai fito ba, an ce babu wuta a inda aka kai. Na'urar da ke gama aikinta cikin awa biyu ga shi ta kwana biyu tana jira.

Asabar

Ruga, a kan hanyar Rijau. Ardo ya shimfiɗa mana tabarma a gindin ɗorawa, aka kawo nono. Su ma ba da daɗewa suka sauka nan ba, kuma ba su san ko za su kai damina ba. Yaya ta yi musu maganar da ta shafe su su kaɗai: shanu ma suna da nasu tibin, kuma yana shiga mutum ta ɗanyar madara, don haka a tafasa ta kafin a ba yara. Ardo ya ce sun san saniyar da ke tari tana ramewa, sukan rabu da ita. Ta ba shi labarin abin da aka yi a Adamawa daga 2012, inda aka horar da 'yan sa-kai daga cikin makiyayan kansu, aka riƙa zuwa musu ranar kasuwa, aka gano fiye da mutum dubu masu cutar cikin shekara biyu. Ya ce, "In yaronmu ne zai riƙe maganin, za a sha." Ya nuna wani ɗansa da ya yi firamare.

Lahadi

Ban fita ba. Uwargidan dattijon nan ta aiko ta bakin matata da tambayar da ta ji nauyin yi a gabanmu: an ce maganin ana shan sa da abinci, to ranar da ba a ɗora tukunya ba fa?

Na rasa amsar da zan aika, sai kwanon tuwo. Amma tambayarta ita ce gindin maganar. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, rashin abinci mai gina jiki ne kan gaba a abubuwan da ke jawo tibi, ya wuce ciwon suga da taba. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi wani gwaji da aka wallafa a 2023: aka riƙa ba mutanen gidan mai tibi shinkafa kilo 5 da wake irin nasu kilo ɗaya da rabi kowane wata, tare da ƙwayoyin ƙarin sinadarai. Kamuwa da cutar a gidajen ta ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari, ta huhu kuma da kusan rabi. Mu da ke zaune a ƙasar masara da dawa da wake, inda manyan motoci ke lodin hatsi zuwa kudu, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Zakkar hatsi da aka fitar da kaka tana da masu ita, kuma ban san wanda ya fi cancanta ba kamar manomin da aka raba da gonarsa ga ciwo a ɗaki. Zan kai maganar gaban kwamitin masallaci.

Litinin

Sakamakon yarinyar ya zo, ba a ga ƙwayar ba. Amma Yaya ta ce a yara rashin gani ba ya wanke su, don haka likita zai duba yarinyar a yi mata hoton ƙirji kafin a yanke ko rigakafi za ta sha ko cikakken magani. Sauran yaran aka fara musu nasu, ƙwaya mai narkewa a ruwa, kullum har wata uku.

Manya kuma ta fito musu da sabon. A da isoniazid ake sha kullum tsawon wata shida, kuma kaɗan ne ke kai ƙarshe. Yanzu an haɗa shi da rifapentine, ƙwaya uku sau ɗaya a mako, mako goma sha biyu. Da can tsadarsa ta hana shi zuwa irin wurarenmu, sai a 2019 aka karya farashin, a 2023 kuma kuɗin na mutum ɗaya ya sauko ƙasa da dala 10. Ta gaya musu komai ba ɓoye-ɓoye. Fitsari zai yi ja, kada a tsorata. In ido ya yi ruwan ɗorawa kamar na mai shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakata a zo asibiti. In tafin ƙafa na zugi akwai ƙwayar da ake ƙarawa. Ta ja uwargidan gefe ta tambaye ta ko tana da ciki, ko tana shan maganin tazarar haihuwa, domin mai ciki ba a ba ta wannan, kuma yana rage ƙarfin wancan. Tsohuwa ta ce ita ta gama rayuwarta, a ba yara. Dattijon ya ce, "Inna, ki sha don su, ke ce ke goya su." Ta karɓa.

Saura ƙanin. Ya ce ya yarda, amma jibi zai bi motar shanu zuwa Ibadan, akwai ɗan garinsu a Sabo da ya samar masa aikin dako. A nan ne tsarin ke tangarɗa. Katin magani yana son unguwa da lambar gida, littafin asibiti yana son mutum ya dawo, shi kuwa wanda ya fi bukatar maganin ba ya zama wuri ɗaya. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 an yi alkawarin kai rigakafin ga mutum miliyan 30 kafin ƙarshen 2022, aka kai ga kusan rabi. A ɓangaren mutanen gida da suka wuce shekara biyar kuwa, cikin miliyan 20 da aka sa a gaba, kusan kashi ɗaya cikin goma aka samu. Saurayin nan na cikin irin waɗanda ke zubewa a hanya. A ganina, wanda aka yarda ya tafi da ƙwayar cutar a ƙirjinsa har Ibadan, ya kamata a yarda ya tafi da ƙwaya 36 a aljihunsa. Yaya ta ba shi na farko ya haɗiya a gabanta bayan ya ci ƙosai, ta ƙulla masa abin da ƙa'ida ta yarda ta bayar, ta rubuta masa takardar da zai nuna a kowane asibitin tibi a can don karɓar sauran. Ni aka ɗora wa kiransa duk Litinin. Ya ce, "Malam, in ban ɗauka ba ina ƙarƙashin kaya ne, ka sake kira bayan isha'i."

Talata

Babban 'yan garuwa ya zo da kansa har ƙofar gida. Ya ce biyu daga cikin yaransa suna gumin dare, ɗaya ma wandonsa ya fara yi masa yawa, kuma sun yarda a gwada su. Sharaɗinsu shi ne sai bayan magariba, don wanda ya bar kurarsa da rana ya bar abincin ranar, kuma ba a cikin asibiti ba. Asibitin Yaya kuwa yana tashi tun la'asar. Na koma wajen mai unguwa, ya ce a yi a zaurensa, zai sa a kunna fitila. Yaya za ta zo da mazuban kaki da akwatin sanyi, ni kuma da safe in kai su gwaji a kan babur. Babban nasu ya kuma ba mu sunan ƙauyen wancan da ya tafi bara bai gama magani ba, ya ce akwai mai komawa gida ƙarshen wata, in Yaya ta rubuta takarda da Hausa zai kai masa.